Cliff Burton: Makaɗin Da Ya Fito Da Jitar Baya Zuwa Gaba

Duk wanda ya taɓa wucewa ta kusa da gidan rawa da daddare ya san cewa tun daga nesa, kafin ya ji muryar mawaƙi ko ya gane wace waƙa ake yi, akwai wani sauti mai kauri da yake fara isowa kunne, yana ratsa bango, har mutum ya ji shi a ƙirjinsa. Wannan sauti na wata jita ce mai tsirkiya huɗu wadda Turawa ke kira bes, watau mai kaurin murya. Kowa yana jin ta, amma kaɗan ne ke lura da mai kaɗa ta, domin bisa al'ada can baya yake tsayawa kusa da mai ganguna, ba a cika tafa masa ba, sau da yawa ko sunansa ba a sani ba.

Labarin da ke tafe na wani saurayi ne Ba'amurke mai suna Cliff Burton wanda ya ƙi yarda da wannan al'ada. Shekara 24 kawai ya yi a duniya, faifai uku rak ya samu yi tare da ƙungiyar makaɗa ta Metallica, amma a cikin wannan ɗan lokaci ya nuna cewa jitar da ake ajiyewa a baya tana iya jan ragamar waƙa, ba tare da ta saki aikinta na riƙe gindin kiɗa ba.

ASALINSA

An haifi Clifford Lee Burton ran 10 ga watan Fabrairu na shekarar 1962 a garin Castro Valley, cikin Jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, ba nisa da birnin San Faransisko. Shi ne auta a wurin iyayensa, yana da wa ɗaya da ya ɗaya. Tun yana ƙarami mahaifinsa, Ray Burton, ya saba masa da tsohon kiɗan Turai irin wanda ake rubutawa a takarda, aka kuma sa shi koyon piyano. Wannan karatu na ƙuruciya shi ne daga baya ya bambanta shi da tsararrakinsa, waɗanda yawancinsu da kunne kawai suka koyi kiɗa.

A cikin shekarar 1975 wansa ya rasu yana da shekara 16, sanadin fashewar jijiyar jini a ƙwaƙwalwa. Lokacin Cliff yana ɗan shekara 13. Bayan wannan rashi ne ya ɗauki jitar bes, kuma iyayensa sun ba da labari daga baya cewa ya yi musu alkawarin zai ƙware a kanta saboda ɗan'uwansa. Bai ɗauki alkawarin da wasa ba. Yakan shafe awa huɗu zuwa shida kowace rana yana gwaji a ɗakinsa, bai kuwa bar wannan ɗabi'a ba har bayan ya yi suna.

Sa'ad da yake makarantar sakandare ta garinsu ya kafa ƙungiyarsa ta farko, EZ-Street, tare da abokansa Jim Martin mai jita da Mike Bordin mai ganguna, waɗanda su ma daga baya suka shahara a ƙungiyar Faith No More. Ya gama sakandare a 1980, sa'an nan ya shiga Kwalejin Chabot da ke garin Hayward, inda ya karanci ƙa'idojin kiɗa. A nan ne ya ƙara shaƙuwa da ayyukan Johann Sebastian Bach, Bajamushen nan mai tsara kiɗa wanda ya mutu tun 1750, wanda ya yi fice wajen jera muryoyi biyu ko uku, kowace tana bin tata hanya amma suna dacewa da juna.

MENE NE AIKIN JITAR BES?

Kafin a fahimci abin da Burton ya yi, ya kamata mai karatu ya san aikin wannan jita. A zamanin da, makaɗan Turai da Amurka suna samun kaurin sauti daga wani ƙaton goge da ake tsayarwa a ƙasa, tsawonsa ya kai na mutum. Wuyar ɗauka gare shi, kuma muryarsa takan ɓace idan ganguna da kakaki suka ɗau zafi. A shekarar 1951 wani Ba'amurke mai suna Leo Fender ya fito da jitar bes mai aiki da lantarki wadda ake ratayawa a kafaɗa. A ƙarƙashin tsirkiyoyinta akwai ƙananan maganaɗisu da aka naɗe da waya, su ne ke ɗaukar girgizar tsirkiya su aika da ita zuwa na'urar ƙara sauti, daga nan ta fito ta lasifika.

Jita ta sosai tsirkiya shida gare ta, bes kuwa huɗu, amma sun fi kauri da tsawo. Tsirkiyar da ta fi kauri a jita tana girgiza kimanin sau 82 cikin sakan ɗaya, ta bes kuwa sau 41, watau rabi. Wannan ne dalilin da ya sa ake jin ta a jiki kamar yadda ake jin ta a kunne. Aikin mai bes biyu ne: ya bi sawun babbar gangar da ake bugawa da ƙafa domin kiɗa ya tsaya a kan lokacinsa, sa'an nan ya ba masu jita da mawaƙi tushen da za su ɗora nasu sautin a kai. Shi ne mahaɗa tsakanin ganga da waƙa. In ya yi daidai ba wanda zai lura, in ya kuskure kowa zai ji kiɗan ya yi sako-sako.

Shi kuwa kiɗan hebi metal, wanda ma'anar sunansa ƙarfe mai nauyi, ya samo tushe a Ingila wajen ƙarshen shekarun 1960. Ana danganta farkonsa da ƙungiyar Black Sabbath ta birnin Bamingam, garin masana'antu, wadda ta fitar da faifanta na farko a watan Fabrairu 1970. Kiɗa ne mai ƙara da nauyi, an gina shi a kan ɗan gajeren kari da jita ke maimaitawa. Mai bes na wannan ƙungiya, Geezer Butler, da can mai jita ne, saboda haka ya riƙa bin karin jitar ƙafa da ƙafa, abin da ya ninka nauyin sautin. Wannan ya zama hanyar da mafi yawan masu bes na hebi metal suka bi. Akwai waɗanda suka fita daban. Steve Harris, wanda ya kafa Iron Maiden a 1975, yana kaɗawa da yatsu cikin wani salo mai kama da sukuwar doki, shi ne kuma yake tsara yawancin waƙoƙin ƙungiyarsa. Lemmy na Motörhead yana dukan tsirkiya biyu ko uku a lokaci ɗaya da muryar gurnani. Burton ya saurari Butler da Lemmy, ya saurari Geddy Lee na Rush da Phil Lynott na Thin Lizzy, ya kuma haɗa da abin da ya koya a kwaleji.

SHARAƊIN DA YA GINDAYA

A shekarar 1982 Burton ya shiga wata ƙungiya mai suna Trauma. Wajen ƙarshen shekarar suka tafi birnin Los Anjalis yin wasa a wani gidan rawa. A cikin 'yan kallo akwai samari biyu, James Hetfield mai waƙa da jita, da Lars Ulrich mai ganguna, mutumin ƙasar Denmak da ya yi ƙaura zuwa Amurka. Su ne suka kafa Metallica a shekarar 1981, a lokacin kuwa suna neman wanda zai canji mai bes ɗinsu, Ron McGovney.

Ana cikin wasa sai suka ji wani sauti mai kuka da gurnani ya cika ɗakin, suka ɗauka mai jita ne yake nuna bajinta. Da suka duba sai suka ga mai jitar ba shi ne yake yi ba. Sautin daga wurin wani dogon saurayi yake fitowa, mai dogon gashi ja-ja, yana kaɗa kai kamar zai cire, da suka ƙirga tsirkiyoyin da ke hannunsa sai suka ga huɗu ne. Tun daga wannan dare suka ƙudura sai sun same shi.

Burton bai yi saurin amsawa ba. Ulrich ya yi ta buga masa waya mako bayan mako. Ko da yake Burton ya fara gajiya da Trauma, wadda yake ganin ta karkata ga neman kasuwa, bai son Los Anjalis, inda a lokacin makaɗa suka fi mai da hankali ga ado da kwalliya. Daga ƙarshe ya gindaya sharaɗi guda: shi ba zai bar gida ba, in suna son sa su tattara kayansu su dawo yankin San Faransisko. A al'ada mai neman aiki ne yake bin aiki inda yake, amma a nan aikin ne ya bi ma'aikaci. A watan Fabrairu 1983 ƙungiyar ta yi ƙaura ta kimanin mil 380 zuwa arewa, ta sauka a garin El Cerrito. Ran 5 ga Maris 1983 Burton ya yi wasansa na farko da su a wani gidan rawa mai suna The Stone a San Faransisko.

WAHALAR BAƘUNCI

Abin mamaki, wanda ya ƙi barin gida bai yi wata biyu da shiga ƙungiyar ba sai ga shi a hanya. Wani mai shagon faifai a Jihar New Jersey, Jon Zazula, ya ji kaset ɗinsu ya kira su. Suka ɗauki hayar motar kaya suka ratsa Amurka daga yamma zuwa gabas, tafiyar kusan mil 3,000. Da isarsu, a watan Afrilu, suka sallami mai jitarsu Dave Mustaine saboda shaye-shaye da rigima, suka kira Kirk Hammett daga ƙungiyar Exodus ya maye gurbinsa. Mustaine shi ne daga baya ya kafa Megadeth.

Zamansu a Niyok zaman wahala ne. A wani tsohon gini da makaɗa ke haya don gwaji, a unguwar Queens, suke kwana a ƙasa, ga sanyi, ga ƙarancin abinci. 'Yan ƙungiyar Anthrax, waɗanda su 'yan gari ne, su suka riƙa taimaka musu. A watan Mayu suka shiga ɗakin ɗaukar sauti a garin Rochester, ran 25 ga Yuli 1983 kuma faifansu na farko, Kill 'Em All, ya fito a ƙarƙashin kamfanin Megaforce da Zazula ya kafa. Kiɗan da ke cikinsa ya fi na magabatansu sauri da kaushi, shi ne salon da daga baya aka laƙaba wa suna tirash metal.

An riga an tsara kusan dukkan waƙoƙin faifan kafin zuwan Burton, amma an ba shi fili guda nasa na kansa. Wani kiɗa ne na fiye da minti huɗu mai suna (Anesthesia) Pulling Teeth, babu waƙa a ciki, babu jita, bes ce kaɗai, sai can wajen tsakiya ganguna suka shigo. Sabuwar ƙungiya ta ware irin wannan fili ga mai bes a faifanta na farko, abu ne da ba a saba gani ba.

SALON KIƊANSA

Abubuwa huɗu ne suka haɗu suka yi salon Burton. Na farko, da yatsu yake kaɗawa. Masu bes da yawa a wannan kiɗa mai sauri suna amfani da ɗan roba irin na masu jita, domin ya fi sauƙin bin gudun waƙa. Burton da yatsunsa na dama yake bin Hetfield duk saurinsa, abin da ke bukatar ƙarfi da juriya, tun da tsirkiyoyin bes masu kauri ne.

Na biyu, yana dusar da muryar jitar da gangan. Idan aka tura wa na'urar ƙara sauti ƙarfin da ya wuce kima, sautin yakan fashe ya koma gurnani. Masu jita sun daɗe da yin haka, amma masu bes suna gudunsa domin yakan cinye kaurin murya, wanda shi ne amfanin bes tun farko. Burton ya san inda zai saki gurnanin da inda zai janye shi. Har ma ya sa aka canja maganaɗisun jitarsa ƙirar Rickenbacker 4001 domin ya sami muryar da yake so, daga baya kuma ya koma kaɗa ƙirar Aria Pro II ta Japan.

Na uku, yana amfani da wata na'ura da ake takawa da ƙafa kamar totur na mota, wadda ake kira wawa saboda irin kukan da take yi. In aka danna ta gaba sai sauti ya buɗe ya yi siriri, in aka mayar da ita baya sai ya rufe, kamar mutum yana buɗe baki yana rufewa. Geezer Butler ya taɓa gwada ta a bes tun 1970, amma Burton ne ya mayar da ita alamar da ake gane shi da ita. Tasa ƙirar Morley ce.

Na huɗu, wanda ya fi sauran muhimmanci, bai tsaya a gindin sandar jita ba, inda sauti mai kauri yake. Yakan hau can sama inda muryar ke yin siriri, ya rera kari sosai, ya haɗa tsirkiya biyu ko uku, sa'an nan ya gangaro ya kama sawun ganga daidai lokacin da ake bukatarsa. Misalin da aka fi sani shi ne farkon waƙar For Whom the Bell Tolls. Sautin nan mai gangarowa mataki-mataki da ke buɗe waƙar, mutane da yawa sun daɗe suna ɗauka jita ce, alhali bes ce. Tun yana ɗalibi ya ƙirƙiro shi, domin akwai hoton bidiyo na wata gasar makaɗa a Hayward a 1981 inda ake ganinsa yana kaɗa shi.

Ko a shiga ma daban yake. A lokacin da samarin hebi metal ke sa matsattsen wando, shi bai rabu da wandon jins mai faɗin baki ba, irin na shekarun 1970, duk kuwa da tsokanar da abokansa ke yi masa.

MALAMIN ƘUNGIYA

Gudummawar Burton ba ta tsaya ga jitarsa ba. A cikin su huɗun shi ne ya fi sanin ƙa'idojin kiɗa. Hetfield da Hammett sun sha faɗa a bayansa cewa shi ya nuna musu yadda ake jera muryoyin jita biyu su dace, da yadda ake sa wuri mai laushi a tsakiyar waƙa mai zafi domin zafin ya ƙara fitowa. Shi ne kuma ya riƙa kunna musu kaɗe-kaɗen da ba na hebi metal ba a cikin mota, daga Bach zuwa Lynyrd Skynyrd da Misfits.

An ga amfanin wannan a faifansu na biyu. A watan Janairu 1984 ɓarayi suka sace musu kayan kiɗa a birnin Boston, duk da haka a watan Fabrairu suka isa birnin Kopenhagen na Denmak, suka shiga ɗakin ɗaukar sauti na Sweet Silence tare da injiniya Flemming Rasmussen. Faifan Ride the Lightning ya fito ran 27 ga Yuli 1984. Daga cikin waƙoƙi takwas da ke ciki, da sunan Burton a cikin waɗanda suka tsara shida. Akwai Fade to Black mai farawa a hankali, wadda wasu magoya baya suka yi fushi da ita suna ganin ƙungiyar ta yi laushi. Akwai kuma The Call of Ktulu, kiɗa na kusan minti tara ba waƙa, wanda sunansa ya fito daga labaran tsoro na marubuci H. P. Lovecraft da Burton ke sha'awar karantawa, bes ɗinsa tana kuka a ƙarƙashin jitoci tun daga farko har ƙarshe. A watan Satumba na shekarar babban kamfanin faifai na Elektra ya ɗauke su. Ran 31 ga Agusta 1985 suka yi wasa a filin ƙwallo na Oakland, kusa da garin su Burton, a gaban mutum kimanin 60,000.

Daga Satumba zuwa Disamba 1985 suka koma Kopenhagen suka ɗauki faifai na uku, Master of Puppets, wanda ya fito ran 3 ga Maris 1986. A nan ne aikin Burton ya kai ƙololuwa, a wani kiɗa mai suna Orion, mai tsawon kusan minti takwas da rabi. Yana farawa da wani amo mai tasowa a hankali, ya shiga kiɗa mai nauyi, sai a tsakiya komai ya lafa, bes ta fito da wani kari mai taushi, jitoci biyu suka hau kansa kowace da tata murya, irin jerin da Bach ya shahara da shi. Gaba kaɗan akwai wurin da bes ke rerawa ita kaɗai da siririyar murya, wanda har wa yau masu sauraro ke ɗauka jita ce. Faifan ya hau matsayi na 29 a jerin faya-fayan da aka fi saye a Amurka, ba tare da gidajen rediyo sun riƙa sa shi ba. Daga Maris zuwa Agusta suka yi rangadin Amurka suna buɗe wa Ozzy Osbourne wasa, sa'an nan a watan Satumba suka ƙetara Turai.

HATSARI A SUWIDIN

Ran 26 ga Satumba 1986 suka yi wasa a zauren Solnahallen da ke gefen birnin Stokholm na ƙasar Suwidin. Da aka tashi suka shiga babbar motar safa mai gadaje, suka kama hanyar kudu cikin dare, domin washegari suna da wasa a Kopenhagen. Gadajen motar ba su da daɗin kwana, kuma kamar yadda Hammett ya sha ba da labari, da karta suka raba gardamar wanda zai fara zaɓe. Burton ya ci, ya zaɓi gadon da Hammett ya saba kwana, na kusa da taga. Hammett ya koma gaba.

Da asuba ran 27 ga Satumba, kafin ƙarfe bakwai, a kan babbar hanya ta E4 kusa da ƙauyen Dörarp, arewa da garin Ljungby, motar ta ƙwace ta bar titi ta kife a gefe. Burton ya faɗo ta taga, motar ta danne shi, nan take rai ya yi halinsa. Sauran 'yan ƙungiyar sun tsira da ƙananan raunuka. Direban ya ce ƙanƙara ce a kan kwalta ta sa tayoyi suka zame. Hetfield kuwa ya ce ya bi titin da ƙafa yana dubawa bai ga ƙanƙara ba. 'Yan sanda sun yi bincike, ba a kuma tuhumi direban da laifi ba. Ƙaddara ta riga fata: saurayin da ya sa ƙungiya guda ta yi ƙaura domin kada ya bar gida, ajalinsa a bakin wata hanya yake, dubban mil daga garinsu.

An kai gawarsa Castro Valley, aka yi taron jana'iza ran 7 ga Oktoba 1986. Kiɗan Orion aka sa a wurin.

GIƁIN DA YA BARI

Da goyon bayan iyayen Burton ƙungiyar ta yanke shawarar ci gaba. Bayan sun gwada mutane da yawa suka ɗauki Jason Newsted na ƙungiyar Flotsam and Jetsam, wanda ya fara wasa da su a watan Nuwamba, mako shida kacal bayan hatsarin. Ba su ba kansu lokacin makoki ba, sun kuma amsa daga baya cewa a kan sabon zuwan suka riƙa huce baƙin cikinsu. A 1987 suka fitar da bidiyo mai suna Cliff 'Em All, tarin hotunan wasanninsa, yawancinsu 'yan kallo ne suka ɗauka.

A faifansu na huɗu, ...And Justice for All, na shekarar 1988, akwai wani kiɗa mai suna To Live Is to Die da aka gina a kan wasu karuruwan da Burton ya bari, aka kuma sa sunansa a cikin waɗanda suka tsara shi. Amma abin da aka fi tunawa da wannan faifai shi ne, wajen haɗa sauti an rage muryar bes har kusan ba a jin ta. Newsted ƙwararre ne, ya kuma kaɗa nasa kashi, sai dai an binne shi a ƙarƙashin jitoci da ganguna. Faifan ya yi kasuwa ƙwarai, duk da haka masu sauraro sun yi shekara da shekaru suna ƙorafin cewa sautinsa a bushe yake. Duk mai son sanin aikin bes a wannan kiɗa, ya saurari Master of Puppets sa'an nan ya saurari wanda ya biyo bayansa, zai ji bambancin da kunnensa.

Newsted ya bar ƙungiyar a 2001, Robert Trujillo ya shigo a 2003, shi ma da yatsu yake kaɗawa. A wannan shekara ta 2003 aka tabbatar an sayar da kwafi miliyan 6 na Master of Puppets a Amurka kaɗai. A 2006 masoya suka kafa dutsen tunawa kusa da inda hatsarin ya auku. Ran 4 ga Afrilu 2009, a birnin Cleveland, aka shigar da Metallica cikin zauren girmama mashahuran makaɗan rok, da sunan Burton a ciki, mahaifinsa ne kuma ya hau dandamali ya karɓa a madadinsa. A 2016 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya ba da sanarwar sa Master of Puppets cikin faya-fayan da ƙasa za ta adana don tarihi, shi ne na farko daga hebi metal da ya sami wannan matsayi. Hukumar gundumar Alameda, wadda Castro Valley ke cikinta, ta keɓe ran 10 ga Fabrairu 2018 ta zama ranar tunawa da shi.

Mahaifiyarsa ta rasu a 1993. Mahaifinsa ya rayu har watan Janairu 2020, ya rasu yana da shekara 94, bayan ya rasa 'ya'yansa maza biyu tun suna samari. A 2017 dattijon ya bayyana cewa daga cikin kuɗin da ake aiko masa na haƙƙin faya-fayan ɗansa yakan ba da tallafin karatu ga ɗaliban kiɗa na makarantar sakandare ta Castro Valley, makarantar da Cliff ya gama a 1980. Dalilin da ya bayar shi ne ɗansa mutum ne mai girmama ilmi, kuma da yana raye abin da zai so a yi da kuɗin ke nan.

Wannan shi ne taƙaitaccen tarihin Cliff Burton, wanda ya ɗauki jita yana ɗan shekara 13 saboda alkawarin da ya yi a kan ɗan'uwansa, ya kuma yi shekara 11 yana cika shi.